SHARHI: Naira Da Riyal, Tarihin Shekara 50 Da Ke Bayan Kuɗin Kujerar Makka

Da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta sanar da cewa kujerar hajjin 2026 ta dawo kimanin naira miliyan 7.7 ga maniyyatan shiyyar Arewa, bayan an biya miliyan 8.4 da ɗoriya a 2025, jama'a sun yi hamdala, kuma da dalili. A ƙasar nan ba a saba ganin farashi ya hau sannan ya sauko ba. Duk wanda ya san majalisun Jekadafari da Pantami da Bolari a cikin garin Gombe ya san cewa batun kujerar Makka ba ƙaramin zance ba ne a wurin ma'aikacin gwamnati. Wani yana tara wa kansa, wani yana tara wa mahaifiyarsa, wani kuma yana jiran kuɗin sallama ya fito ya sauke farali.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata a yi kafin murna ta yi nisa: me ya sauko da kuɗin? Tafiya daga Lawanti zuwa Jidda ba ta ragu da kilomita ko ɗaya ba, kwanakin Muna da Arfa kuma suna nan yadda suke. Babban abin da ya sauya shi ne naira ta ɗan farfaɗo, daga wajen 1,550 a kan dala ɗaya zuwa wajen 1,450. Wannan 'yar farfaɗowa, tare da umarnin Shugaba Bola Tinubu na a sake lissafi, ita ce ginshiƙin ragin. Ma'ana, kuɗin kujera ma'auni ne na lafiyar naira, kuma wanda yake son ya fahimce shi dole ya koma tarihin naira da riyal.

Taƙaitaccen tarihin shi ne: a 1980 naira ɗaya tana sayen riyal shida. A ƙarshen 2024 riyal ɗaya yana sayen naira 400 da 'yan kai. A cikin shekara 44, darajar naira a gaban riyal ta ragu ninki sama da 2,000. Duka ƙasashen biyu man fetur suke sayarwa, duka biyun suna cikin ƙungiyar OPEC, duka biyun kuma faɗuwar farashin mai iri ɗaya ta sha dukansu. To, ina hanya ta rabu?

Kafin a san canji

Gombe tsohuwar hanya ce ta masu nufin gabas. A ƙasarta ne, a Burmi kusa da Bajoga, Turawa suka cim ma Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da jama'arsa ranar 27 ga Yulin 1903, suna kan hanyar hijira zuwa ƙasa mai tsarki. Waɗanda suka tsira sun ci gaba da tafiya tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Alhajin wancan zamani bai damu da farashin canji ba, domin guzurinsa ƙarfinsa ne da sana'arsa. Yakan yada zango ya yi noma ko ƙodago, ya samu abin da zai kai shi zango na gaba. Tafiyar takan ci shekaru, wani ma ba ya dawowa.

Jirgin sama ya taƙaita shekaru zuwa sa'o'i, amma ya zo da sabon sharaɗi: dole a biya da kuɗin da wata ƙasa ta yarda da shi. Abin sha'awa, takardar kuɗi ta farko a Saudiyya ma saboda alhazai aka yi ta. A 1953 hukumar kuɗin ƙasar, wadda aka kafa a 1952, ta fito da wasu takardun shaida domin ta sauƙaƙa wa alhazai ɗaukar tsabar azurfa mai nauyi. Jama'ar gari suka karɓe su hannu bibbiyu, suka shiga ciniki da su, har aka fito da cikakkiyar takardar riyal a 1961.

Naira kuwa ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, ta gaji fam a kan naira biyu fam ɗaya. A lokacin kobo 66 ke sayen dala, wato naira ɗaya riyal biyar da ɗoriya ke nan. A ƙarshen shekarar farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, kuɗi ya shigo kamar ruwan Agusta, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka kafa hukumar alhazai ta tarayya a 1975, kuma a 1977 'yan Najeriya fiye da 100,000 suka sauke farali. Zamanin ke nan da alhaji ke dawowa da haƙorin Makka da rediyo da agogo da darduma, tsaraba har ta maƙwabcin maƙwabci. A 1980 kobo 55 ke sayen dala, riyal kuma yana wajen 3.3 a kan dala. Daga nan aka samo lissafin riyal shida.

Dattawa na tuna wannan lokaci da kewa, kuma ba za a ga laifinsu ba. Amma gaskiya ɗaci gare ta: ƙarfin nairar ba daga gumin masana'antu ko gona ya fito ba. Gwamnati ce ke yanke farashin, dalar mai kuma ke riƙe da shi. Nairar mai tsada ta sa kayan waje sun yi arha, kayan gida sun kasa gogayya. Gombe ta ga wannan da idonta. Garin da auduga da gyaɗa suka gina, wanda layin dogo ya iso a 1963 yana kwasar amfanin gona zuwa bakin teku, ya wayi gari manominsa ba ya samun ribar da za ta riƙe shi a gona. Naira ta yi ƙiba, amma ƙafafunta sun shanye.

1986: shekara ɗaya, hanya biyu

Da farashin mai ya fara sauka a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙara matse lasisin shigo da kaya, ta sauya launin takardun kuɗi a Afrilun 1984, ta rufe iyakoki, ta kuma taƙaita adadin masu zuwa hajji domin tattalin kuɗin waje. Duk da haka an ƙi taɓa farashin canji sosai. A 1985 dala tana kobo 89 a hukumance, alhali a kasuwar bayan fage ta ninka haka.

A ƙarshen 1985 Saudiyya ta gaji da rage haƙo mai ita kaɗai domin ta riƙe wa sauran ƙasashe farashi. Ta buɗe famfo, ganga ta faɗo daga kusan dala 30 zuwa ƙasa da dala 10 a wasu kwanakin tsakiyar 1986. A watan Yunin shekarar, Saudiyya ta ɗan rage darajar kuɗinta zuwa riyal 3.75 a kan dala, ta kafe a nan. Har yau ɗin nan farashin bai gusa ba. Wata uku bayan haka, a Satumbar 1986, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin shirin SAP. Kafin 1987 ta ƙare dala ta kai naira huɗu, naira da riyal suka yi kunnen doki. Daga nan riyal ya wuce, bai sake waiwayowa ba.

Tunda riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, duk abin da aka gani na tashinsa a gaban naira ba tashinsa ba ne, faɗuwar naira ce. Mai son sanin farashin riyal a kowace shekara sai ya raba farashin dala gida 3.75.

A 1992, bayan an sake sakin kasuwa a watan Maris, dala ta kai wajen naira 17, riyal kuma naira huɗu da rabi. Zamanin Janar Sani Abacha aka kafe farashin gwamnati a naira 22, kasuwa kuwa tana sayarwa sama da 80. Ranar 1 ga Oktoban 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Bauchi, riyal farashi biyu gare shi: kusan naira shida ga mai uwa a gindin murhu, naira 22 ga sauran bayin Allah. Wannan tazara ta azurta mutanen da ba su noma ba, ba su ƙera ba, sai dai sun san wanda zai sa hannu a takarda. Cuta ce da za ta sake dawowa.

Shekarun sauƙi da abin da aka yi da su

A 1999 an haɗe farashin, dala ta zauna wajen naira 92, riyal wajen 25. Daga 2004 zuwa 2008 naira ta yi abin da ba ta saba ba, ta ƙara daraja, daga wajen 133 zuwa 118 a kan dala. Dalilan a fili suke. Mai ya yi tsada, an kafa asusun rarar man fetur a 2004, ƙasashen ƙungiyar Paris sun yafe bashin dala biliyan 18 a 2005, ajiyar kuɗin waje kuma ta kai wajen dala biliyan 62 a 2008, adadin da har yanzu ba a sake gani ba. A wannan zangon ne aka kafa NAHCON da dokar 2006, gwamnatin Danjuma Goje kuma ta gina filin jirgin Lawanti, alhazan Gombe suka huta da tafiya wata jihar kafin su tashi.

Darasin shekarun nan shi ne naira tana iya tsayawa idan akwai ajiya a bayanta. Amma an yi rabon asusun rarar tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi har ya kusa ƙarewa. Asusun da ya taɓa kai kimanin dala biliyan 20 ya dawo ƙasa da dala rabin miliyan a 2022. An ci damina, ba a yi tanadin rani ba.

Ranin kuwa ya zo. Daga Yunin 2014 zuwa Janairun 2016 ganga ta faɗo daga sama da dala 110 zuwa ƙasa da 30, kuma a Nuwambar 2014 OPEC, bisa matsayin Saudiyya, ta ƙi rage haƙo. A watan ne Babban Bankin Najeriya ya karya naira daga 155 zuwa 168, sannan zuwa 197 a Fabrairun 2015. Gwamnan bankin, Godwin Emefiele, ya hana wa kaya iri 41 dalar gwamnati, ya riƙe 197 har Yunin 2016, sannan farashi ya koma wajen 305. A Fabrairun 2017 kasuwar bayan fage ta taɓa 520. A Maris ɗin 2020, ga annobar korona ga yaƙin farashi tsakanin Saudiyya da Rasha, aka sake karya naira zuwa 360, daga baya 380, sannan 410 a 2021.

A lura da wani abu. Sau uku, a 1986 da 2014 da 2020, shawarar da aka yanke a Riyadh ta taimaka wajen kayar da farashin mai, sau ukun kuma naira ce ta faɗi, riyal yana tsaye. Mai gona ya sa wa dajinsa wuta, bukkar maƙwabci ce ta ƙone.

Me ya riƙe riyal?

Amsar farko lissafi ne mai sauƙi. Saudiyya na haƙo ganga miliyan tara zuwa goma a kullum ga mutane kimanin miliyan 35. Najeriya na haƙo wajen miliyan ɗaya da rabi ga mutane fiye da miliyan 220. Ga kowane mutum 1,000, Saudiyya na da ganga sama da 250 a rana, Najeriya na da bakwai. Mu ƙasa ce mai mai, amma ba ƙasa ce mai arzikin mai ba.

Amsa ta biyu ajiya ce. A 2014 Saudiyya na da kimanin dala biliyan 730 a asusunta na waje. Zuwa 2017 ya dawo ƙasa da biliyan 500. Cikin shekara uku ta ƙone abin da ya ninka mafi girman ajiyar da Najeriya ta taɓa yi fiye da sau uku, duk domin 3.75 ya tsaya.

Amsa ta uku ita ce ta fi shafar masu karanta wannan shafi. Saudiyya ba ta tsira kyauta ba. A Satumbar 2016 ta rage albashin ministoci da kashi 20 cikin ɗari, ta dakatar da wasu alawus na ma'aikata, sai a Afrilun 2017 ta dawo da su. Ta kawo harajin sayen kaya na kashi 5 a 2018, ta ninka shi zuwa 15 a Yulin 2020. Ta zaɓi ta rage kashe kuɗi ta ƙara haraji a bainar jama'a. Najeriya kuwa ta bar adadin da ke takardar albashi yadda yake, ta ci bashin Babban Banki har ya kai naira tiriliyan 22.7 a 2023, ta bar hauhawar farashi da faɗuwar naira suka yanke albashin a ɓoye. Duka biyun ma'aikaci ya biya. Bambancin shi ne ɗaya an gaya masa, an kuma mayar masa, ɗayan kuwa a bakin kasuwa ya gano.

Saboda haka masu kiran a ɗaure naira da dala kamar yadda aka ɗaure riyal suna neman inuwa ne ba tare da bishiya ba. Mun gwada a 22, mun gwada a 197, mun gwada a 460. Kowane karo abin da ya biyo baya iri ɗaya ne: layi a banki, farashi biyu, sannan faɗuwa ta lokaci guda.

Yunin 2023 da abin da ya biyo baya

Ranar 14 ga Yunin 2023, makonni biyu bayan cire tallafin man fetur, Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji. Farashin hukuma ya tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 cikin kwanaki. A ƙarshen Janairun 2024 ya kusa 1,500, a Fabrairu kuma 'yan canji sun sayar da dala har wajen 1,900, wato riyal ɗaya naira 500. Daga baya bankin, a ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya bayyana cewa ainihin ajiyar da ta rage a ƙarshen 2023, bayan an cire basussukan da ke kanta, ba ta kai dala biliyan huɗu ba, ga kuma tarin alkawuran canji na kimanin biliyan bakwai da ya gada. Rumbun da ake nunawa a cike, ashe ƙaiƙayi ne a ciki.

Maniyyatan 2024 su suka fi shan wannan bugu. Kujerar da aka biya wajen naira miliyan 2.9 a 2023 ta koma miliyan 4.7 ga 'yan Arewa a sanarwar Fabrairu. A watan Maris aka ce kowa ya ciko miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki, sabon mai biya kuma ya kawo sama da miliyan takwas. Gwamnatin tarayya ta zuba tallafin naira biliyan 90, wasu gwamnoni suka ƙara nasu, Kano ta ba kowane maniyyaci 500,000. Kuɗin guzuri ya sauko zuwa dala 500. Ƙasar da aka ware wa kujeru 95,000 ta kasa cike su. Daga baya hukumar EFCC ta binciki yadda aka kashe tallafin, aka sauya shugabancin NAHCON a watan Agusta, aka kuma sanar da cewa daga 2025 babu sauran canji mai rangwame ga alhazai.

Idan aka mayar da kuɗin kujera zuwa dala, sai hoton ya sauya. A 2019 naira miliyan ɗaya da rabi a kan 305 ta kama kusan dala 4,900. A 2025 naira miliyan 8.4 a kan 1,550 ta kama wajen dala 5,400. A dala ƙarin bai wuce kashi goma da 'yan kai cikin ɗari ba, a naira kuwa ninki biyar da rabi ne. Makka ba ta yi nisa ba, ƙafarmu ce ta gajarta.

Albashi a ma'aunin riyal

A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, daidai da kusan dala 200, ko riyal 680. A 2000 ma'aikacin tarayya na karɓar 7,500, wajen riyal 275. A 2011 naira 18,000 ta kama riyal 435. A 2019 naira 30,000 ta kama riyal 310 a farashin kasuwa, kuma wannan 30,000 ɗin ta dawo riyal 75 a farkon 2024. Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ta kama kimanin riyal 170, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu zamanin Shagari. A 2019 kujera albashin wata 50 ce ga mai mafi ƙarancin albashi. A 2025 ta zama ta wata 120, shekara goma cur ba ci ba sha.

A ɗauki misalin ma'aikaci a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko malami a Kwalejin Ilimi ta Fasaha, wanda ya fara ajiye naira 25,000 duk wata daga Janairun 2020, da niyyar ya haɗa miliyan ɗaya da rabi a shekara biyar. Bai tsallake wata ko ɗaya ba. A Disambar 2024 kuɗinsa ya cika cif, amma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kujera ba. Ran da ya fara, miliyan ɗaya da rabi riyal 15,600 ce. Ran da ya gama, riyal 3,600 ce. Ba wanda ya fasa masa asusu, amma an kwashe.

Ina kuɗin ya tafi? Faɗuwar naira ba ta ƙona dukiya, tana sauya mata hannu ne, daga mai samun naira zuwa mai samun dala. Babban mai samun dala a ƙasar nan gwamnati ce, shi ya sa kason wata-wata da ake raba wa tarayya da jihohi ya kumbura sosai bayan Yunin 2023. Mai fitar da riɗi ma ya amfana. Haka ɗan kasuwar Kamaru ko Chadi ko Nijar, wanda jakar sefarsa ke sayen wajen naira 600 a 2019, ta koma sayen wajen 2,500 a 2024. Idan ya shigo kasuwar hatsi irin ta Tudun Hatsi, shi ne mai ƙarfin taya buhun masara da wake, ma'aikaci kuma ya tsaya yana kallo. Faɗuwar da ta nisanta shi da Makka ita ta rage masa tuwon dare.

Abin da ke hannun masu rubuta takarda

Da yawa daga masu karanta wannan sharhi su ne ke tsara takardun da ministoci da 'yan majalisa ke sa wa hannu. Ga abubuwa huɗu da tarihin nan ke nunawa.

Na farko, canji mai rangwame ba magani ba ne, ko da an yi shi da sunan ibada. A 2016 an ba alhazai dala a 197 lokacin da kowa ke saye sama da 300, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Biliyan 90 na 2024, da aka kashe wa mutane kimanin 50,000, ya isa a biya ma'aikata 107,000 mafi ƙarancin albashi na shekara guda. Hajji farali ne a kan mai iko, kuma malamai sun fi kowa sanin haka. Duk inda aka yi farashi biyu, ba mai rauni ke cin riba ba.

Na biyu, a gyara adashen hajji. Shirin da NAHCON ta ƙaddamar da bankin Jaiz a Kano a 2020 tunani ne mai kyau, kuma Malesiya ta nuna tun 1963, da hukumarta ta Tabung Haji, cewa ana iya juya ajiyar maniyyata ta hanyar halal ta yi albarka. Amma ajiyar naira domin biyan bashin riyal tara ruwa ne a kwando. Ya kamata doka ta ba da damar a riƙa mayar da wani kaso na ajiyar da na kafin alƙalami zuwa kuɗin waje, ko wata kadara mai riƙe daraja, tun ranar da aka karɓa, ta hanyar hukuma kuma a bayyane. Yin haka a tsare ya fi a bar dubban mutane kowa ya nufi 'yan canji yana ɓoye dala a ƙarƙashin katifa, abin da ke ƙara danne nairar.

Na uku, a riƙa wallafa kuɗin kujera dalla-dalla da riyal da dala: nawa jirgi, nawa masauki, nawa abinci, nawa hidimar Masha'ir, da wane farashi aka yi lissafi. Ta haka maniyyaci zai bambance laifin naira da laifin ɗan kwangila, idan kuma naira ta ƙara daraja bayan ya biya, ya san akwai canjinsa.

Na huɗu, dokar 2024 ta rage wa'adin duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku. Ci gaba ne, amma shekara uku ta isa a cinye rabin albashi idan hauhawar farashi ta kai kashi 34 cikin ɗari, kamar yadda ta kai a ƙarshen 2024. Gwamnatin da kasonta ke kumbura duk lokacin da naira ta faɗi tana da bashin ma'aikacin da ya yi asara a faɗuwar.

Farfaɗowar da ake gani yanzu tana da tushe. An ɗaga kuɗin ruwa har kashi 27.5 cikin ɗari a 2024, tazarar banki da kasuwa ta kusa rufewa, ajiyar waje ta haura dala biliyan 40, matatar Dangote kuma ta rage dalar da ake kashewa wajen shigo da fetur. Amma wani kaso na dalar da ke shigowa na masu neman riba ta gaggawa ne, waɗanda ke zuwa da tsadar kuɗin ruwa su tafi da saukarsa. Ga kuma zaɓen 2027 na ƙaratowa, lokacin da aka saba sakin bakin aljihu. A 2008 ma mun ga naira ta miƙe, muka ɗauka ta warke.

Rijiyar Kolmani da ke iyakar Gombe da Bauchi, wadda aka ƙaddamar a Nuwambar 2022, ko ta fara ba da mai, ba za ta mayar da ganga bakwai ta zama 250 ba. Abin da zai riƙe naira ya fi kama da abin da ya gina Gombe tun farko: auduga da riɗi da gyaɗa da fata, a sarrafa su a gida, a sayar a waje, da wutar Dadin Kowa da hanyar da za ta kai su bakin teku, sannan a yi ajiya idan an samu. Wannan aiki ne na shekaru, ba na sanarwa ɗaya ba. Kafin nan, ma'aikacin da ke shirin biyan kafin alƙalami ya riƙe lissafi ɗaya a ransa: duk naira 100 da dala ta ƙara, kujerarsa ta ƙara kusan rabin miliyan.